Ciwon Ranar Asabar

Wata goma sha huɗu na yi ina zuwa zance wurin matar da nake aure yanzu, kuma ban tuna ranar da na rasa abin faɗa ba. Bayan la'asar nake hawa motar haya daga Tudun Wada, in sauka a bakin titi in ƙarasa da ƙafa, in jingina da katangar gidansu har a kira magariba. Sanyi na cin yatsun ƙafata, ni kuwa ina ta zuba. Na yi mata bayanin kusufin wata da tocila da ƙwallon goba. Na ba ta tarihin haƙar kuza tun daga ranar da kakana ya iso Jos da keken ɗinki a ka. Ita kuma tana tsaye tana murza gefen mayafi, tana cewa “Allah sarki” a inda ya dace. A lokacin na ɗauka son ilimi ne.

Ranar da aka kawo ta gidana zancen ya ƙare. Ba faɗa muka yi ba, ba kuma wani ne ya hana mu. Ni malamin sakandare ne, na san yadda ɗalibi yake yi da littafi bayan ya ci jarrabawa, har na sha yi wa yara faɗa a kan wannan ɗabi'a. Ban taɓa tunanin ta shafe ni ba.

Da safe ina makaranta. In dawo wajen ƙarfe biyu da rabi, in ci abinci, in ɗan miƙe baya. Daga sallar la'asar sai majalisa, daga majalisa sai masallaci, abin da ya rage na yini kuwa na jan biro ne da littattafan yara. Ita tana da injin saƙa a ɗaki, tana yin rigunan sanyi na jarirai, sana'ar da ba ta mutuwa a garin nan tunda ba a daina haihuwa ba kuma sanyi bai yi ƙaura ba. Asabar ta biki ce, Lahadi ta suna ko gaisuwa. Hirarmu ta koma irin ta ma'aikata biyu masu canjin aiki: gas ya ƙare, an kawo wuta, an ɗauke, ƙaramar 'yarmu tana tari. Sau ɗaya dokar hana fita ta kulle mu kwana uku a gida ɗaya. Ranar farko na gyara rediyo, rana ta biyu na lalata shi, ta uku na sake gyarawa.

Majalisar tamu benci biyu ce a ƙofar shagon wani tsohon tela da nake kira Kawu. Ba jini muka haɗa ba. A hannun mahaifina ya koyi ɗinki, kuma tun rasuwar mahaifin nawa ya ɗauki kansa a matsayin mai duba ni, kamar rigar da aka bar masa ajiya. Akwai wani tsohon direban babbar mota da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai dankali Kudu, wanda ba a taɓa ambaton cuta a gabansa bai san saiwarta ba. Akwai kuma Oga, Ibo ne mai kemis a shagon da ke jikin na Kawu. Kullum da safe keken haya ɗaya ke kawo shi da matarsa daga Anguwan Rukuba, su wuni a kanta ɗaya, su ci abinci a kula ɗaya, su koma tare. Majalisa tana ganin girmansa, tana kuma tausaya masa. Sauran mutanen suna zuwa suna tafiya.

Ba a rubuta dokokin majalisa ba, amma babbarsu kowa ya san ta: namiji mai lafiya ba ya zama a gida tsakanin la'asar da magariba. Wanda aka samu a gida a wannan lokaci, ko dai ba shi da lafiya, ko kuma mijin-ta-ce ne. Na farkon ana yi masa addu'a. Na biyun kuwa ni da bakina na sha ba da gudummawa wajen yi masa ba'a, da Hausa mai kyau.

A shekara ta goma sha ɗaya da aurenmu, wata Laraba, na sa hula na zura ƙafa ɗaya a takalmi, sai ta ce, “Malam, ina da magana.” Na ce ta faɗa, ina ji. Ta dubi ƙafar da ke cikin takalmin, ta ce ba maganar tsaye ba ce. Ta ce ba atamfa take so ba, ba kuma ƙorafi za ta yi ba. Awa biyu take so a mako, ni da ita, a zaune, ba rediyo, ba jan biro. Ta ce in babu, in gaya mata babu, ba za ta sake tambaya ba.

Wannan na ƙarshen ne ya shige ni. Na san ta. In ta ce ba za ta sake yin abu ba, to ya tafi ke nan. Akwai wata mai sayar da manja da ta taɓa yi mata tauye a kwalba, yau shekara tara ko layinta ba ta bi.

A makarantarmu ni nake tsara jadawalin darussa. Ni nake raba malamai da azuzuwa da awoyi yadda mai koyar da lissafi ba zai yi karo da mai koyar da tarihi ba, mai shayarwa ta samu ta fita da wuri, mai noman kabeji ya samu safiyar Litinin. Ina alfahari da wannan aiki fiye da yadda ya kamata. Saboda haka na sayi kwali, na ɗauko rula, na baje makon gidanmu a kan tebur. Gurbi ɗaya na samu mai tsabta: Asabar, huɗu zuwa shida, lokacin 'yan matanmu biyu suna Islamiyya. Na rubuta “Hira” da manyan baƙaƙe, na ja layi a ƙasa. Sannan na liƙa kwalin a cikin ƙofar kabad ɗin kaya, ta ciki, inda baƙo ba zai gani ba. Ta lura da inda na liƙa shi.

Ita ce ta fi ni yin asara a wannan tsari, ko da yake sai daga baya na gane. Mace ta bar bikin Asabar a Jos ba ƙaramin abu ba ne. A can ake ganin juna, a can ake jin wanda ya haihu da wanda ya tashi daga unguwa, a can take samun masu sayen rigunan jarirai. Ta aika wa ƙawaye da uzuri, ta ce ta samu wani aiki na Asabar. Ni kuwa ban gaya wa majalisa komai ba. Na yi lissafin malamai da ɗalibai da Islamiyya da lokacin salla, na manta da benci biyu.

Asabar ta farko ta soya dankali da ƙwai, ta cika filas da shayi mai citta, ta ɗaura zanin da ba na aikin gida ba. Na zauna a falo da rigar sanyi, na ja bargo kan gwiwa don garin ya yi luf. Mun yi kamar minti ashirin muna duban juna kamar waɗanda aka haɗa a ɗakin jiran likita. Na yi gyaran murya ke nan zan fara, sai sallama.

Kawu ne da direba, da baƙar leda cike da lemo. A shekara goma sha ɗaya ban taɓa fashin majalisa ba sai in na yi tafiya, sai kuma makon da mahaifiyata ta rasu. Sun jira ni rabin awa, suka yanke hukunci. Mai ɗakina ta gaishe su a durƙushe ta shige ciki, kamar yadda aka saba. Kawu ya dubi bargon, ya dubi filas, ya dube ni.

“Ya jikin?” in ji shi.

Na sha komawa kan wannan daƙiƙa. Amsa ta gaskiya tana bakina, gajeriya ce, ba ta da kalma mai wuya ko ɗaya. Amma Kawu ne a gabana, mutumin da ya ɗinka mini wandon makaranta na farko, ga direba a bayansa da baki kamar lasifikar tasha.

Na ce, “Da sauƙi.”

Suka zauna. Ta fito da dankalin da ƙwan da shayin, tunda ba a barin masu dubiya da baki a bushe, suka cinye tas. Direba ya ja fatar idona ƙasa ya ce ciwon shawara ne ke neman kama ni, ya kuma san wani mutum a hanyar kasuwa mai saiwarta. Kawu ya yi doguwar addu'a, na shafa tare da su. Sai da aka kira magariba suka tashi. Da ta fito kwashe kwanuka, abu ɗaya ta tambaye ni: lemo nawa za ta ɓare wa mara lafiya.

Na yi mata alkawarin gyara abin. Daga Lahadi zuwa Juma'a na je majalisa kamar kullum, kowa yana cewa na ji sauƙi, har fuskata ta ciko. Sau uku na buɗe baki zan faɗa, sau uku wani ya kawo zancen ƙwallo. Na ce a raina, in suka ga na warke, Asabar mai zuwa za su ɗauka wani uzuri ne ya riƙe ni.

Ba su ɗauka haka ba. Direba ya ce ya san irin wannan zazzaɓin mai zaɓen rana, ya taɓa ganinsa a jikin wani kwandasta, shi nasa na Talata ne. Suka zo su biyar, har da Oga da na'urar awon jini a jaka. Ya naɗe mini hannun riga, ya ɗaura, ya danna. Na ɗaga kai, sai na ga mai ɗakina tsaye a bakin labule, ta harɗe hannu tana kallona. Duk wanda ya taɓa yin ƙarya a gaban wanda ya san ƙarya yake yi ya san abin da zuciya take yi a irin wannan lokaci. Na'urar ba ta san dalili ba, aikinta kawai ta yi.

Oga ya dubi lambar, ya sake aunawa, ya girgiza kai. “Malam, jini naka ya hau. Madam, daga yau kar ki sa masa gishiri. Ba magi, ba nama, mai kaɗan.”

“To, Oga,” in ji ta. “In sha Allahu ba za a samu kuskure ba.”

Ba a samu ba. Ban taɓa ganin umarnin likita da aka bi da irin wannan tsoron Allah ba. Tukunya biyu take ɗorawa, tasu da tawa. Na ci gwate ba gishiri, na ci faten acca ba gishiri, na ci dafaffen kabeji da ya yi kama da jiƙaƙƙen kwali. 'Yan matan suna gefe suna tsotsar ƙashi, babbar tana ce mini sannu Baba. In na ce mata ai ta san lafiyata ƙalau, sai ta ce ita ba ta yi karatun likita ba, abin da na'ura ta faɗa a gaban shaidu biyar shi take bi.

Don kada in yi wa tarihi ƙarya, ciwon yana da daɗinsa. Labari ya kai makaranta. Aka ɗauke mini tsayuwar taron safe, aka daina tura ni raka yara wasanni. Wani malami da muka yi shekara biyu ba ma ga maciji ya zo har teburina ya nemi gafara, wai rai ba a bakin komai yake ba. Na yafe masa da murya ƙasa-ƙasa, yadda ya dace da halin da nake ciki.

A Asabar ta uku Kawu ya ce bai kamata a riƙa barin mai hawan jini shi kaɗai ba, tunani ne yake ƙara shi. Ya rufe shago da wuri. Majalisa ta tashi ɗungurungum ta dawo falona, mutum tara, har da waɗanda ban san sunansu na yanka ba. Aka yi gardamar siyasa, aka raba ƙasa aka sake haɗa ta, wani ya taka mini rimot. Filas uku ta dafa. A Asabar ta huɗu sun zo da tabarmarsu.

Idan aka duba sakamakon jadawalina da idon sifeto, ga abin da za a gani. Kafin in sa hannu, matata tana da bikin Asabar, da shinkafa, da ƙawaye, ba ta da miji. Bayan na sa hannu, ba biki, ba miji, ga maza tara masu shan shayi da sukari cokali uku. Amma ba wahalar ce ta fi ci mata rai ba. Matan unguwa su ma sun fara shigowa dubiya, suna tambayarta ya mai jiki, ita kuma dole ta amsa. Na mai da ita abokiyar ƙarya ba tare da na nemi izininta ba.

Lahadi da hantsi, yara sun fita, ta buɗe kabad ta ɓamɓare kwalin a hankali don kada ya yage, ta ninke shi biyu ta ajiye a cinyata. Ta ce Asabar mai zuwa akwai bikin 'yar ƙawarta a Jos Jarawa. Za ta yi wanka ta shirya tun ƙarfe huɗu, ta zauna a ɗaki. In ƙarfe biyar ta buga ban gaya musu ba, za ta fito ta ratsa ta gabansu ta tafi bikinta, kuma maganar awa biyu ta mutu, kada in sake tayar da ita ko da na yi ritaya.

Na fara kawo mata dabaru. Na ce zan warke a hankali, mako biyu ya isa. Na ce za a iya cewa likita ya hana ni hayaniya. Na ce ko mu mai da abin Lahadi da safe, lokacin ba wanda yake nemana.

“Malam,” in ji ta, “ba dutse na ce ka ɗauka ba. Ka ce musu kana zaune da matarka ne. In abin kunya ne, gara in sani.”

Ranar Alhamis na je shagon Kawu da wuri, kafin kowa ya zo, da niyyar in gaya masa shi kaɗai, ya san yadda zai yi da sauran. Na same shi da allurai a baki yana daidaita wuyan wata riga. Kafin in zauna ya fara ba ni labarin mahaifina, yadda ya yi shekara arba'in da mahaifiyata ba a taɓa jin ya kira sunanta ba, ba a taɓa ganinsa a cikin gida da rana tsaka ba, kuma ga shi sun rabu lafiya. Ya ce irin waɗannan maza sun ƙare. Ya ce kullum bayan asuba yana sa ni a addu'a, har ya roƙi liman ya riƙa ambatona. Na yi godiya. Na tambaye shi kuɗin zare ya sauka ko bai sauka ba.

Asabar ta zo da hadari tun azahar. Wajen uku da rabi aka tsuge da ruwa, irin na Jos, mai haɗe da ƙanƙara, yana dukan kwano kamar ana zubar da tsakuwa. Na ji daɗi. Na ce yau ba mai fitowa, za mu samu awa biyunmu kyauta, a ɗage shari'a. Huɗu da kwata sai ga su riƙe da laima, wanduna a naɗe. Kawu ya ce ladan dubiya a cikin ruwa ya fi yawa. Direba ya dire galan ɗin jiƙo a gabana, baƙi ƙirin, ya ce kofi ɗaya safe da yamma, kuma kada in shinshina kafin in sha.

Ranar ba a fito da shayi ba. Ƙamshin turarenta ne kawai yake fitowa ta ƙasan labule. Agogon bango yana saitin kujerata. Huɗu da rabi ana maganar taki. Biyar saura kwata ana maganar wani gwamna da ya mutu tun ina firamare. Biyar saura goma na ji ƙarar takalminta mai tsini a kan siminti, ta taka zuwa madubi, ta dawo. Na ji ta zuge jaka.

Ban san yadda ake irin wannan magana a zaune ba, sai na miƙe tsaye kamar a aji, har na kai hannu baya. Suka zuba mini ido, sun ɗauka jikin ne ya motsa.

Na ce, “Kawu, jama'a, ku yi haƙuri. Lafiyata ƙalau. Tun farko ba abin da ya same ni. Mai ɗakina ce ta ce in riƙa zama ranar Asabar muna hira, ni kuma na yarda. Kunya ce ta sa na ce muku da sauƙi.”

Direba ne ya fara magana.

“Hira? Hirar me?”

Na ce hira dai.

Kawu ya tambaya ko wata matsala ce ta taso a gidan da ke buƙatar manya su shiga. Na ce babu. Ya tambaya ko ta yi yaji ne aka dawo da ita da sharaɗi. Na ce ba ta taɓa ba. Ya rage murya ya tambaya ko juna biyu gare ta, don ya san mata kan zo da abubuwa iri-iri a wannan hali. Na ce a'a. Ya jima yana kallona kamar yadin da aka yanka ba daidai ba, yana neman ta inda za a ɓullo masa.

Oga kuwa dariya ta kama shi har ya riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya ce shi dai na'urarsa ba ta ƙarya, ranar nan jinina ya hau, yanzu ne ya san dalili. Ya ce shi da Madam ɗinsa shekara ashirin suna kanta ɗaya daga safe har yamma, benci da muke ganin yana zuwa, hutu yake zuwa yi, ashe ni kuma neman shiga abin da yake gudu nake. Wani daga baya ya ce mijin-ta-ce, a hankali, amma ba a hankalin da ba zan ji ba. Ba wanda ya tsawatar masa.

Kawu ya dafa gwiwa ya tashi. Ya matsa kusa da labule, bai ɗaga ba.

“'Yata, ki yi haƙuri. Wata guda muna shanye miki shayi.”

Ta amsa daga ciki cewa ba komai, Kawu, gidanku ne.

Sannan ya juyo kaina. Ya ce zaman gida bai gane shi ba, kuma a shekarunsa ba ya jin zai gane, amma wannan tsakanina da iyalina ne. Ƙaryar ce ta dame shi. Ya ce gobe da wace fuska zai gaya wa liman a cire sunana. Ya ce addu'o'in da ya yi mini, in Allah ya karɓa, in adana su, wata rana za su yi amfani. Suka naɗe tabarma suka fita cikin ruwan. Direba ya kai ƙofa, ya dawo ya ɗauki galan ɗinsa.

Har yau ina biyan wannan magana. Duk ranar da na miƙe daga benci, ko masallaci zan tafi, sai wani ya ce a gaida Hajiya, wani ya duba agogo ya ce in yi sauri kada a rufe rajista. A makaranta an mayar mini da taron safe, da ƙarin aikin duba masu latti. Malamin nan da ya nemi gafara ya janye ta.

A ranar dai, bayan sun tafi, ta fito da shigar biki sosai, leshi da gwaggwaro da sarƙa, jaka a hannu. Ta dubi falon, ta ɗauke kofin da wani ya bari a ƙasa, ta zauna a kujerarta ta ajiye jakar a gefe. Saura awa ɗaya. Ni kuwa nauyi ya sauka daga kaina, bakina ya buɗe, na fara ba ta labarin abin da ya faru yanzun nan a falon, da sharhi, kamar ba ta nan aka yi. Na yi nisa sosai kafin ta ɗaga hannu.

“Dawo ta nan ɓangaren,” in ji ta. “Wannan kunnen ba ya ji.”

Na ɗauka ba'a ce, ramuwar gishiri ta ƙare an shiga wata. Ba ba'a ba ce. Ta ce shekara uku ke nan kunnenta na hagu yana toshewa, yanzu sai dai ƙugi kamar na inji. Sau biyu ta je asibiti, matar Oga ce ta raka ta. An ce akwai wani gwaji da za a yi, kuma ana so ta zo da mijinta a yi musu bayani tare. Matan unguwa sun sani. Babbar 'yarmu ta sani, shi ya sa take zagayowa dama in za ta yi mata magana. Ni kuwa a shekara ukun nan na sha yi mata magana daga hagu, in ta yi shiru in ce a raina mata dai sai a hankali, in sa takalmi in fita.

Na nemi abin faɗa, ni da ban taɓa rasawa ba. Na ce me ya sa ba ta gaya mini ba.

“A tsaye?” in ji ta. Ta zare ɗan kunnen da ya dame ta, ta riƙe a tafin hannu. “Kai da ba abin da ya same ka, ka sha lemon wata guda.”

Na ɗauki kujerata na zagaya da ita ta damanta. Na ce ta fara mini daga farko. Ta ce farkon yana da nisa, kuma yara sun kusa dawowa. Na ce a wannan ruwan malaminsu ba zai sake su ba, ta fara.